Abin da Na Gaya wa Buba a Gubaira

Na san maganar ta iso kunnenku, ko da ba a gabana aka faɗa ba. Nafisa ta ji ta a gidan suna, kai kuma Sadiku na san abin da ya sa ka daina zuwa gari da salla. Cewa ake yi ubanku yana zaune a Saudiyya yana shan sanyin mota ya hana garinsu abin kare kai, bai tsaya nan ba sai da ya kwashe sirrin gari ya kai wa Fulani. Ban taɓa zaunar da ku na ba da amsa ba. Lokacin da abin yake da zafi ina nesa, da na dawo kuma na tarar kowa na fama da nasa ciwon. Yanzu gwiwa ta ƙi, zama ya yi yawa, gara ku ji daga bakina tun ina iya tuna shi daki-daki. Akwai gaskiya a cikin abin da ake faɗa, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba haka aka jera shi ba.

Shekarata ta shida ke nan a Riyad. Direba nake a gidan wani Balarabe, Abu Nasir, mai ofis a ɗaya daga cikin dogayen benayen unguwar Ulaya. Shi ne kafil ɗina, wato wanda ya tsaya mini, sunansa ne a kan iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, kuma ban taɓa ganin wulaƙanci daga gare shi ba. Lokacin mata ba su fara tuƙi a ƙasar ba, saboda haka yawancin aikina na matan gidan ne: in kai 'yan mata makaranta, in kai uwargida asibiti ko kanti, in zauna a mota in jira. Da ya rushe ɗakin direba don ya faɗaɗa gareji, sai ya bar ni na kama ɗaki a unguwar Gubaira, cikin lungun kanikawa da masu walda, inda ƙarar guduma ke tashin mutum tun kafin rana ta yi zafi. Mu biyu ne a ɗakin, ni da Buba.

Buba Bafulatani ne daga rugar da ke bayan rafin garinmu. Mahaifiyarsa, Inna Dije, ita ke kawo nono gidanmu tun ina ƙarami. Kakarku ta auna mata gero, su zauna a gindin rumbu suna hira har sai an aiko daga maƙwabta ana tambayar ko mai nono ta ɓata ne. Da shanun ubansu suka ragu, Buba ya bar kiwo ya koyi walda a Gusau, daga can ya samu hanyar Saudiyya. Mutum ne marar yawan magana, idanunsa kullum jajawur saboda wutar walda, kuma ya iya tuƙa tuwo fiye da yadda kuke zato. Ranar Juma'a yakan sayo garin masara da kuka, mu ci a faranti ɗaya, mu kwanta muna sauraron rediyo. Saje yake ce mini, kamar kowa a can, domin na yi soja kafin in ajiye kaki in kama sitiyari.

A wannan shekarar ne labarin gida ya fara ɓaci. Da fari shanu ake korawa, har da na huɗar ƙanena Habu, baffanku, guda biyu da ya yi shekaru yana kiwo. Daga baya aka koma tare hanya. Ofishin 'yan sanda yana da nisa, mutanen cikinsa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, motarsu kuma ba ta da taya. Sai samarin gari suka haɗa kai suka zama 'yan sa-kai, suka ɗora Habu a gaba, domin ba shi da tsoro kuma ba a taɓa kama shi da cin hakkin kowa ba. Wata safiya ina jiran 'yan mata a ƙofar makaranta, saƙon muryarsa ya shigo wayata.

"Yaya, jiya mun binne Malam Isa da ɗansa. A hanyar kasuwa aka tare su. Mu bindigar toka gare mu, ka harba ɗaya ka tsuguna kana ɗuri, su kuwa tasu ba ta numfasawa. Ku da Allah ya fitar, ko ku taimake mu da abin da ya fi nasu, ko ku fara aiko da likkafani."

Malam Isa maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ku da mahaifiyarku kuna bayan wannan katangar a lokacin.

Akwai wani ɗan garinmu, Alhaji Mudi, wanda ya fi kowa daɗewa a Riyad, yana sana'ar turare, gidansa a unguwar Malaz. Duk Juma'ar farkon wata mukan taru a falonsa bayan an sauko, a ci shinkafa da nama, a yi maganar gari. Ta wannan zaman aka yi wa masallaci rufi, aka haƙa rijiyar burtsatse. Buba yana ciki tun farko, domin rijiyar har shanunsu suna sha. A wannan karon Alhaji ya kira ni ya ce in zo ni kaɗai. Na gaya wa Buba uwargida tana da fita. Ita ce ƙaryar farko da na taɓa yi masa, ya kuma gyaɗa kai ya ci gaba da tankaɗen gari.

A falon aka sake kunna muryar Habu, kowa ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ce an samu wanda ya san wani a tsallaken iyaka, kuma ba ƙaramar bindiga ake so ba, mai jigida ake so. Ita ce wadda ake jera mata harsashi a ɗamara kamar jigidar mata, a kafa ta a ƙasa, in ka danna ba ta tsayawa sai ka saki. Duk suka juyo suka dube ni, domin sun san ita na ɗauka shekara biyu lokacin da aka kai mu yaƙi wata ƙasa. Ni ake so in tantance kayan ta hoto kada a cuce mu, in koya wa Habu yadda ake kwance ta da haɗa ta, in kuma ba da nawa kason. Na ce to. Ku riƙe wannan, domin har masu kare ni suna tsallake shi. Na amsa da zuciya ɗaya, na fito daga gidan ina jin kamar an sauke mini kaya. Kafin mu watse Alhaji ya ce kada maganar ta kai kunnen Buba, ba don ana zarginsa ba, sai don jini jini ne.

Kwana biyu bayan haka na kira Habu daga wurin ajiye motoci na wani babban kanti a Ulaya, uwargida tana ciki. Tambayoyin soja na yi masa. Wa zai riƙe ta, a ɗakin wa za ta kwana, wa ke da ikon cewa a buɗe wuta, in aka kashe mai riƙe da ita hannun wa za ta koma. Wasu ya amsa da kyau, wasu ya ce Allah zai kawo dabara. Sai na ce masa a ganina bakin makarantar firamare ya fi dacewa a kafa ta, domin daga nan ana hango hanya har gada.

"Kafawa sai daga baya, Yaya," in ji shi. "Sai mun fara share rugagen da ke ba su mafaka."

Ya lissafa guda uku. Ta ukun ita ce ta bayan rafi.

"Habu, Inna Dije tana can."

"Jikanta ma yana can. An gan shi a bayan babur ɗinsu ranar da aka kora shanuna. Ka daɗe ba ka gida, Yaya. Ba rugar da ka sani ba ce."

Ba zan ce ƙarya ya yi ba. Daga baya ta tabbata jikan nan ya bi ɓarayi, Buba da kansa ya gaya mini. Amma ina riƙe da wayar sai wani abu da na yi shekaru ina dannewa ya taso mini. A can ƙasar da aka kai mu, wata rana aka harbo mu daga wasu bukkoki, hafsanmu ya nuna mini wurin ya ce in buɗe. Na buɗe. Da muka shiga, waɗanda suka yi harbin sun daɗe da ficewa ta baya. Waɗanda ba su iya gudu ba su muka tarar. Ba zan rubuta muku abin da na gani ba. Abin da nake so ku gane shi ne, ita wannan bindiga wuri ake nuna mata, ba mutum ba. Kuma ranar akwai hafsa a kaina, akwai doka, akwai littafin da ake sa hannu kafin a ɗauko makami, duk da haka abin da ya faru ke nan. Su Habu ba su da ko ɗaya daga ciki, sai baƙin ciki da gaskiyar da suke ganin suna da ita.

A cikin makon na kai Abu Nasir gonarsa ta dabino a bayan gari. Yana da wata tsohuwar bindiga mai sarrafa kanta a cikin akwatin ƙarfe, da takardar izininta a ninke a gefe. Ya san na yi soja, sai ya miƙo mini ya ce in goge masa. Na kwance ta a kan darduma cikin ɗan lokaci, yana ta dariya. Na tambaye shi ko ya taɓa nuna wa mutum ita. Ya ce a'a, ta babansa ce, shi ya sa yake ajiye da ita. Ya ce a zamanin kakanninsa kowace ƙabila da makamanta da mayaƙanta, yau a kora raƙuman waɗannan, gobe su rama, kuma a cikin kakanninsa maza ɗaya ne kaɗai ya mutu a kan shimfiɗarsa. Na yi ta juya maganar a hanyar dawowa, amma ba ta warware mini komai ba. Su hukuma ta zo musu ta zauna. Mu tamu ba ta zo ba, kuma babu alamar tana hanya.

Wadda ta warware mini ita ce mahaifiyarku. Na gaya mata komai a waya, ina zaton za ta ce in ji tsoron Allah in janye. Ba haka ta ce ba. Ta ce ita da za a tambaye ta, a sayo goma ma, domin ita ce ke kwana da yara a ɗakin da ƙofarsa ta langa-langa ce, ba ni ba. Sai ta ƙara da cewa:

"Amma na san ka, Baban Nafisa. Tun da ka kira ni kana wannan dogon bayani, ka riga ka ƙi. In za ka faɗa musu, ka fara fitar da mu daga garin nan, don ba zan iya zuwa rijiya ana nuna ni da baki ba."

Haka kuka bar gidan da na gina da guminmu, mai ɗaki huɗu da bishiyar mangwaro, kuka koma ɗaki biyu na haya a Gusau. An ce muku don makaranta ne. Ba don makaranta ba ne.

Da kuka sauka lafiya, na kira Habu na gaya masa ba zan sa hannu ba, na kuma gaya masa zan ce wa Buba ya ɗauke mahaifiyarsa. Ya kashe wayar. Juma'ar zama da ta biyo baya na je Malaz na faɗi haka a gaban kowa. Wannan ne abin da ake cirewa in ana ba da labarin. Ban bi ta bayan gida ba. A tsakiyar falon Alhaji Mudi na tsaya na ce kasona yana nan in za a haƙa rami a kewaye gari, ko a saya wa masu sintiri babura da wayoyi, ko a gyara motar 'yan sanda, amma ba na cikin mai jigida, kuma zan gargaɗi Buba. Wani ya yi tsaki, wani ya ce ashe kakin ma aro na yi. Alhaji ya ɗaga musu hannu. Dattijo ne, bai zage ni ba.

"Saje, na ji ka. To gaya mini, in suka shigo gari gobe, wa zai tare su? Rami?"

Na ce masa ban da amsa. Har yau da nake rubuta wannan ban samo amsar da za ta gamsar da shi ba. Na sa takalmina na fito, ba wanda ya raka ni ƙofa.

Na tarar da Buba ya gama tuwo ya rufe nawa da faranti. Na zauna, na kasa ci. Ga abin da na gaya masa, ba ƙari ba ragi.

"Buba, ka sa a ɗauke Inna daga bayan rafi kafin ruwa ya sauka. Da ita da mata da yara. Kada ka tambaye ni dalili."

Ban ambaci bindiga ba, ban ambaci rana ba, ban kira sunan kowa ba.  Sai Buba ya ce tun Juma'ar da na ce uwargida tana da fita ya san akwai magana, domin uwargida ba ta taɓa fita ranar Juma'a ba. Ya ce su ma ɓarayin sun kwashe musu shanu, in sun kai ƙara gari a ce su ne ɓarayin, in sun yi shiru a daji a ce suna ba gari labari. Ya tura mini farantin ya ce in ci kafin ya huce. Bai yi mini godiya ba, ranar ko bayanta, ni ma ban so ya yi ba.

An sayi makamai ba da ni ba. Mai jigida ba ta samu ba, tun da babu wanda zai tantance ta, sai ƙananan bindigogi biyu irin na ɓarayin. Dole in faɗi gaskiya a kansu: da damina ta tsaya ɓarayi sun zo da rana tsaka, waɗannan bindigogi biyu ne suka mayar da su daga bakin gada, kuma cikin waɗanda suka tsira ranar har da gwaggonku da 'ya'yanta. Wanda ya ce muku ba su yi amfani ba bai faɗi daidai ba. Bayan nan su Habu suka bi rugagen. A ta bayan rafi ba su tarar da kowa ba, yayan Buba ya kwashe kowa sun yi kudu, sai bukkoki suka ƙona. Daga nan sunana ya ɓaci, aka ce ni na tserar da ɓarayi. A sauran biyun sun tarar da mutane. Abin da ya biyo baya kun san shi, gari ya watse damina biyu ba a yi noma ba. Ba na cewa bindigogin ne suka jawo, domin garuruwan da ba su sayi ko ɗaya ba su ma sun watse. Bindigogin kuwa ɗaya an kashe mai riƙe da ita aka tafi da ita, ɗayar wani cikin samarin ya gudu da ita, aka ce daga baya an gan shi yana tare hanya.

A Riyad aka daina kirana Malaz. In mun haɗu a masallaci a ba ni hannu a zare da sauri. Habu ya yi shekara huɗu bai ɗauki wayata ba, ko da kakarku ta rasu ta bakin wani na ji. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Amma in kuka tambaye ni yadda sauran shekaruna suka kasance a can, sai in ce muku lafiya lau. Ina barci, ina cin abinci da daɗi. Da salla mukan yi layya da wasu kanikawa 'yan Sudan, Buba ya gasa hanta a kan wani murhu da ya ƙera da ƙafar mota. In na dawo aiki da wuri sai in zauna a shagonsu, tun ina riƙe masa ƙarfe har ya fara miƙo mini abin waldar. Inna Dije ta yi shekara uku a wani gari can kudu, ta rasu a ɗakinta, 'ya'yanta mata na kewaye da ita. Ranar da labarin ya zo Buba ya rufe shago, muka yi mata addu'a mu biyu.

Da aka ba mata izinin tuƙi, 'yan matan Abu Nasir suka karɓi makullin mota. Ya sallame ni da mutunci, na dawo gida. Buba ya biyo ni bayan shekara guda, muka buɗe shagon ƙofofi da tagogin ƙarfe da kuka sani a Gusau, wanda da shi aka yi karatunku. Habu kuma kun ga zuwansa da idonku, da sanda, da harsashi a cinya, da iyali a bayan a-kori-kura. Mahaifiyarku ce ta share masa ɗakin zaure kafin ma in buɗe baki. Ba mu taɓa tada maganar ba. Ya fara zuwa shago yana zama a benci don kaɗaici, Buba ya riƙa zuba shayi kofi uku maimakon biyu, aka tafi a haka.

Da na gama rubuta wannan na ga bai dace in sa sunan mutum a takarda bai sani ba. Shekaranjiya da hantsi, Buba ya tafi sayen ƙarfe, na karanta wa baffanku shi daga farko har ƙarshe. Ya saurara yana kallon titi. Ya ce ban yi masa ƙarya ba. Ya ce har gobe yana ganin da na taimaka an samu mai jigida da garin bai watse ba, kuma in rubuta haka. Ga shi na rubuta. Na fara ninke takardun, sai ya dafa hannuna.

"Akwai saura, Yaya. Ranar da muka tsallaka rafi, ni ne a gaba. Da na leƙa bukkar Inna Dije na ga babu kowa, sai na zauna a ƙasa. Yaran suka zaci ƙafata ce ta gurɗe. Godiya nake yi wa Allah. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka sa wannan ma, yara su sani."